Ƙurar Citta a Cikin Fanka

Daren Alhamis, Kafanchan

Yau ma laftof ɗin marigayi mijina ta ɗauke, ina tsakiyar tattara hotunansa don sujadar tunawa ta ranar Lahadi. Ta yi zafi, sai ɗif. Na ce shi ke nan, hotunan ma za su bi shi.

Na kai wa Malam Sani mai gyara a bakin kasuwa. Caja lafiya, batir lafiya. Yana kwance bayanta sai ya yi atishawa.

"Mama, mai ita citta yake saye?"

Na ce ƙwarai, a Kwoi. Cikin siton citta yake wuni da laftof ɗin.

"Ƙurar ce ta toshe fanka, shi ya sa take kashe kanta."

Kafin in buɗe baki ya kunna bulowa, injin hura iska, ya hure ƙurar. Shagon duka ya ɗauki ƙamshin rigar mijina, Baban Rahila, in ya dawo da yamma. Na juya baya, wai titi nake kallo.

Ga ta nan tana aiki tun ɗazu, hotuna duk suna nan. Na gode wa Allah. Amma na kai hancina inda iska ke fita, ban ji komai ba.