Awon Ƙashin Baba

Auta,

Bayan gaisuwa, ya jikin Baba? Ga na'urar da muke aiki da ita a asibitinmu na aiko miki, ba ta fi tafin hannu ba. Ki manna waya ɗaya sama da karayar cinyarsa, ɗaya ƙasa. Wuta kaɗan take turawa, sai ta nuna lamba gwargwadon yadda ƙashin ya tare wutar. Ki auna kullum ki rubuto mini. In ƙashin bai kama ba a kai shi asibiti da wuri, kada a rasa ƙafar.

Ki gaida kowa.
Yayanki

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na'urarka ta haɗu da gamonta. Baba ya ce shekara arba'in yana gyaran wutar gidajen mutane, ba 'yar cikinsa ce za ta koya masa haɗa waya ba. Ni ma na ji daɗi, don ka san ba zan iya yaye bargo in kalli cinyar mahaifina ba. Shi ke mannawa daga ciki, ni in karanta. Ga lambobin sati biyar nan, kullum ras. Sai dai ya rame, kuma ya hana a ambaci asibiti, wai can aka kai Mama ba ta dawo ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka

Auta,

Ina gaisuwa. Hankalina ya tashi. Ƙashin da ke warkewa lambarsa motsi take yi, waɗannan kuwa ko gezau. Lambobin lafiyayyen ƙashi ne. Don Allah ki ajiye kunya ki yaye bargon nan yau.

Yayanki

Yaya,

Na yaye. A ƙafar dama yake mannawa, mai lafiyar. Ta hagun ta kumbura ta yi baƙi, warin da nake ta ɗora wa kwatar bayan gida ashe daga nan yake. Bai ko musa ba. Ya ce, "Rana ta farko na auna ta gaskiyar da kaina, na ga abin da na gani."

Muka kai shi asibiti, likita ya ce mun makara. Jiya aka yanke ƙafar.

Yaya, baƙin ciki zai kashe ni. Ɗazu na wanke masa takalmansa duka biyu, sai da na shanya su na tuna.

Ka zo.
Ƙanwarka