Turken Hamman

Daga Malam Ɗan'auta, Zangon Kanya, ƙasar Haɗeja, zuwa ga ɗansa Abdulmannan a Kano

Takarda ta fito daga bakina, ni mahaifinka, da hannun ƙanwarka Saude. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina fata kai da Ummussalma da yara kuna lafiya.

Tun shekarar ambaliyar da ta raba Auyo da Haɗeja, har masu mota suka koma roƙon masu kwalekwale, ban sake sa an rubuta maka takarda ba. To ka san abin da ya tashe ni yau ba ƙarami ba ne. Kada ka ce me ya hana in kira ka a waya. Abin da za a yi magana a cikinsa a nan a ji a Kano, akwai mai saurare a tsakani.

Jiya da hantsi wata yarinya ta sauka a gidana a bayan babur, da abin ɗaukar hoto mai dogon baki kamar na zalɓe. Ta ce sunanta Shamsiyya, ƙanwar matarka ce, kai ka turo ta. Na karɓe ta saboda surukuta. Ba ta ko wanke hannu daga tuwon Saude ba ta ce, "Baba, ina Turken Hamman yake?"

Na ce, "Wa ya gaya miki sunan nan?"

Ta ce, "Yaya Abdul."

Abdulmannan, abin da ka koyo a boko ke nan?

Ta nuna min hotunan ganuwar Haɗeja, da rijiyar Daura, da hasumiyar Katsina, har da wani mutum-mutumin siminti da aka tsayar a tsakiyar titi rana na dukansa. Wai littafi take haɗawa na abubuwan tarihin garuruwa. Na ce, "Waɗannan ba sa shiga bayan mota, shi ya sa aka bar ki kika ɗauka."

Kana goye lokacin da wani ya zo da irin abin nan ya ɗauki hoton mashin da kakanmu Hamman ya kashe dorina da shi. Mutum mai fara'a, har goro ya raba. Kafin ruwa ya sauka, mashi ya bar ɗakin da yake. Har yau ba labari.

Turken nan kaɗai ya rage mana. In Kano ta mantar da kai, bari in tuna maka. Itacen kirya ne da Hamman ya kafa ya ɗaure jirginsa ranar da ya iso daga gabas. Duk ambaliyar da ta isa a tuna da ita, babban gidanmu ke zuwa da gatari ya sara daidai inda ruwa ya tsaya, a raɗa wa saran suna. Ba mai aza harsashin gida ƙasa da saran ƙarshe. Tun da muka tashi daga tsohon gari muka hau tudu, ciyawar kacalla ta rufe wurin, kuma ni hakan ya yi min.

Wa ke biyan yarinyar nan? Wa zai ga hoton? Ka ba Modu direba amsa. Haza wassalam.

*

Daga Abdulmannan zuwa ga mahaifinsa

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwar ban girma da neman albarka, takardarka ta same mu lafiya, Ummussalma na gaishe ka da kyau.

Baba, ba wanda ke biyan Shamsiyya. Malamar makaranta ce, da kuɗin aljihunta take yawon nan lokacin hutu. Ni na ba ta labarin turken, don ina tsoron ranar da ba mai iya faɗin sunayen saran. Ni kaina uku nake riƙe da su, Saude ba ta fi ni ba. Kai kaɗai ka san wanne ne na shekarar da kakarmu Iya Yelwa ta haihu a cikin kwalekwale.

Abin da ya faru da mashin ya yi ciwo, na sani. Amma don Allah ka dube ta a matsayin 'ya. Ta yini a ganuwar Haɗeja ba ta ɗebi ko ƙasar cikin cokali ba. In ta koma hannu wofi, da wane ido zan kalli yayarta?

Na ba Modu maganin ciwon gwiwarka. A gaida Saude.

Ɗanka mai biyayya,
Abdulmannan

*

Daga Malam Ɗan'auta zuwa ga Abdulmannan

Bayan gaisuwa. Magani ya iso, ban sha ba tukuna sai na ga wanda ya sha bai mutu ba.

Tunda ka haɗa ni da Allah da kuma matarka, na kai yarinyar tsohon gari na nuna mata turke. Abdulmannan, ban taɓa ganin mace mai ilimi ta kwanta rub-da-ciki a taɓo saboda itace ba. Ta ɗauka ta gabas, ta ɗauka ta yamma, ta ce mu jira rana ta karkata. Na ce, "Itacen ba zai gudu ba, amma ni la'asar za ta wuce ni."

Ta sa yatsa ta ce, "Baba, wannan saran fa?"

Na ce, "Mai Kwashe Gero."

"Wannan na sama?"

"Hana Biki."

Ta rubuta. Sai ta ce, "Amma Baba, me ya sa saran ya zagaye itacen kamar cin igiya?"

Na ce, "'Yar nan, kin taɓa ganin ruwan da ya tsaya a gefe guda?"

A nan tari ya sarƙe Saude, da ta rako mu, har sai da na kore ta gida.

Ta roƙi in tsaya kusa da shi ta haɗa da ni. Na ce fuskata ba ta shiga akwati ba tun da aka haife ni, ban da ta katin zaɓe da aka yi min dole. Ta yi godiya, ta bar min sabulu da shayi, ta tafi garin Malam Madori. Yarinyar na da ladabi, ban hana ta wannan ba. Shi ma mai goron yana da shi.

Yanzu sai mu zuba ido mu ga wanda zai biyo sawunta. Wassalam.

*

Daga Shamsiyya, Kano, zuwa ga Baba Ɗan'auta

Assalamu alaikum Baba, da fatan gwiwa ta yi sauƙi, da fatan shinkafa ta yi kyau bana. Yaya Abdul ya ce ba ka son waya, shi ya sa na rubuto.

Na zaga garuruwa da yawa, na ɗauki ƙofofi da kushewu da gine-gine, amma ba abin da ya tsaya min a rai kamar Turken Hamman. Sauran, mutum ya gina su don a tuna da shi. Wannan kuwa gari ne ke tuna ruwa.

Ga albishir. A Haɗeja na ji za a yi jinga don tare ambaliya a ɓangarenku, kuma na ga zanen aikin. Baba, ta kan turken za ta bi! Ban yi barci ba sai da na sami injiniyan aikin na nuna masa hotunan, na karanta masa sunayen saran. Da farko ya ƙi, na yi ta zarya har ya gaji da ni. Yanzu ya yarda: za a kewaye turken da waya, jingar kuma an karkatar da ita gabas, ta cikin kacallar nan da ke bayan tsohuwar kanya, inda ba komai.

Na so in zo in ga fuskarka lokacin da za a karanta maka wannan.

'Yarka,
Shamsiyya

*

Daga Malam Ɗan'auta zuwa ga Abdulmannan

Ba doguwar gaisuwa yau. Saude, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara.

Inda ba komai! Ka ji abin da ƙanwar matarka ta rubuto? Bayan tsohuwar kanya, cikin kacalla, nan Turken Hamman yake! Wanda ta kwanta a taɓo dominsa turken jakin marigayi Auta mai gishiri ne. Cin igiya ne kuwa, idonta bai yi ƙarya ba. Na ce in ɓarawo ya biyo hoton, ya ɗauki na jaki ya je ya sayar wa wanda ya aiko shi.

Kada ka ce min komai. Na ce hoto na jawo masifa, ya jawo ko bai jawo ba? Wa ya aike ta wurin injiniya?

Shekaranjiya na ga an kafa 'yan sanduna masu jan ƙyalle sun miƙe sun shiga kacalla. Na bi su da sandata, ruwa har cinya. Ɗaya tana nan ba ta fi tsawon tabarma daga turken ba. Da na fito na tarar da leburori suna kewaye turken jaki da waya, har da allo mai rubutu. Babbansu, wani wai shi Fannami, ya ce, "Baba, matsa baya, kayan tarihi ne."

Na ce, "Tarihin wa? Na san jakin, baƙi ne mai cizo."

Suka yi ta dariya. Ɗaya ya ce, "Tsoho, rana ce ta taɓa ka? Akwai shi a hoto fa, har da sunaye."

Ni da na raɗa sunayen a tsaye ake nuna wa allo! Na je wa mai unguwa, ya ce shi bai taɓa ganin turken da idonsa ba, ni na hana kowa zuwa. Ka gaya wa yarinyar ta je ta warware abin da ta ƙulla. Katafila ta riga ta iso gonar maƙwabcinmu Haris, dab da tsohon gari.

Ƙari daga Saude: Yaya, tun ranar da ya nuna mata turken jakin ya rantsar da ni kada in faɗa. Kwana biyu ke nan bai ci abin kirki ba.

*

Daga Shamsiyya zuwa ga Baba Ɗan'auta

Assalamu alaikum Baba. Yaya Abdul ya karanta min takardarka. Na yi kuka, daga baya na yi dariya, yanzu ban san wanda nake yi ba. Hana Biki! Har na sa shi a bangon littafin.

Na kira injiniyan na gaya masa gaskiya. Ya ce ya karkatar da jinga sau ɗaya saboda jaki, ba zai sake ba don wani ya ce. Sai ya ga hoton turken na ainihi, da saran gatari a jikinsa, da wanda zai tsaya ya ce shi ne. Ya ce jibi katafila za ta shiga kacalla.

Baba, ba zan rantse maka cewa ɓarawo ba zai ga hoton ba. Ban san duk mai buɗe littafi ba. Abin da na sani, katafila ba ta buƙatar hoto. Yau zan kwana a Haɗeja gidan ƙawata Halimatus Sa'adiya. In ka ce in zo, zan zo. In ba ka ce ba, ba zan shiga kacallar nan a bayan idonka ba.

'Yarka har yanzu,
Shamsiyya

*

Daga Malam Ɗan'auta zuwa ga Shamsiyya, a Haɗeja

'Yar nan, bayan gaisuwa. Modu zai miƙa miki wannan kafin magariba.

Ban ce na yarda da akwatin nan naki ba. Amma ki zo, ki sa takalmin ruwa, akwai matsattsaku. Ki taho da Abdulmannan in yana kusa, ya zo ya haddace sunayen da bakinsa, kada ya dogara da takardarki. Allon da ke jikin turken jaki kuma ku bar shi, mai biyo sawu ya sami abin ɗauka.

Gobe in na sallame asuba zan ɗauki lauje in share hanya har gindin turken, in sa babbar rigata, in tsaya in dafa shi. Ki ɗauka da ni a ciki, fuskata ta fito sosai. Duk wanda ya ga hoton ya yi sha'awar itacen, ya san akwai tsohon da zai fara tumɓukewa.

Haza wassalam.
Ɗan'auta