Saƙon Yamai da ya iso bayan tsuntsaye

Zuwa ga Manajan Darakta na kamfanin da ke kawo mana intanet a Sakkwato.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikata. Sunana Bitrus Yohanna, malamin gona ne ni, kuma na daɗe ina aiki da manoman shinkafa na fadamar Kwalkwalawa. Ina cikin waɗanda suka fara buɗe akwatin imel a ofishinku na Ƙofar Taramniya. Na rubuto ta jarida ne don kukan ba nawa ni kaɗai ba ne.

Na ɗaya, ga abin da ya faru. Ina da abokin aiki a Yamai, Malam Issufu, wanda aikinsa bin sawun jan-baki ne, tsuntsayen nan da ke sauka a gona su bar ta kara zalla. Mun yi da shi in ya ga sun taso kudu zai aiko mini da imel, ni kuma in gaya wa manoma su yanke abin da ya nuna, in nemi ma'aikatar gona ta yi feshi a makwancin tsuntsayen. Bara da kaka ya cika alkawari, ya aiko da wuri. Saƙon bai iso ba sai da tsuntsaye suka gama ɓarna, ya zama ihu bayan hari.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Malam Bube, dattijon da ya ba ni masauki lokacin da na zo garin nan ban san kowa ba. Kullum sai ya biyo ya tambaye ni ko akwatin nawa ya yi magana, in ce masa shiru. Shirun nan ya ɗauka lafiya ce, ya bar shinkafarsa ta ƙara nuna. Ranar da na je fadama na same shi zaune bakin kunyar gonarsa, ya riga ni gaisuwa, har yana ba ni haƙuri. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na biyu, na je ofishinku da fushi, na dawo da tausayi. Injiniyarku, Malama Hadiza, ta zaunar da ni ta zana mini hanyar saƙon. Ashe daga Yamai sai ya tafi Faransa, ya haye Amurka, ya sauko Legas, sannan ya jira layin tarho ya kawo shi Sakkwato. Ta ce biyan wani babban kamfanin waje kuke yi ya yi muku dakon saƙonni, su ma na Nijar nasu ɗan dakon suke biya. In hanya ta cushe ko layi ya yanke a wani zango, saƙo sai ya kwanta jira. Na ce mata direban da ke lodin Ƙonni a tasha ya fi wannan na'ura sanin hanya. Ta yi dariya, amma ba ta musa ba.

Na san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ga janaretanku yana tari saboda wahalar mai, na san kuɗin waje ya yi wuya, kuma a wannan zamani na mulkin soja ba a ƙetara iyaka da waya sai da izini. Ban ce laifinku ne ku kaɗai ba.

Na uku, roƙona. Malama Hadiza ta ce akwai wata hanya: kamfani biyu maƙwabta su haɗa layi kai tsaye, ka karɓi nawa in karɓi naka, kamar aikin gayya, ɗan dakon waje kuma a bar masa saƙon da ke zuwa nesa. Ina roƙonka ka nemi takwaranka na Yamai ku fara wannan magana, ka kuma kai ta gaban hukuma. In kana son shaida, zan zo da manoma. Kafin a kai can, ku riƙa sanar da mu duk lokacin da layin Legas ya yanke, don mu bambanta shirun lafiya da shirun lalacewa. Wannan ba ya bukatar izinin kowa.

Ranka ya daɗe, shinkafar bana ta ɗauki ciki. Malam Bube ya ci irin da ya ajiye, wanda ya shuka bana 'yarsa ce ta kawo masa daga gidan mijinta, kuma ba shi da wani iri bayan wannan. Jiya ya sake biyowa ya tambaye ni ko akwati ya yi magana. Na duba, shiru ne, amma ban san ko na lafiya ne ko na lalacewa ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya buɗa wa kamfaninka hanya, ya sa ka ji kukan nan tun hatsi yana gona.

Wassalam, naka mai jiran amsa,
Bitrus Yohanna,
Sakkwato.