Ruwan da Alhaji Yakuba ya ƙi sha

Laraba, bayan isha'i.

Har yanzu raina ɓace yake. Yau cikin aji Musa ya ce ma wani yaro "Bayahude" don ya hana shi aron alƙalami. Na aje darasi, na ba su tarihin Yahudawa, tun daga annabawa har kisan da anka yi musu a Turai.

Da la'asar sai ga uban Musa, Alhaji Yakuba mai albasa, bisa kabu-kabu. Na kawo mishi ruwa, ya ture kwanon. "Malam, lalata muna ɗiya kake yi!"

Na ce, "Alhaji, ka taɓa ganin Bayahude ko guda?" Ya ce Allah shi kiyaye.

A ƙofar gidana mutum zai ƙi ruwana! Gobe zan maimaita darasin nan, kuma Musa ne zai tashi ya karanta.