Na Gano Ramin Tarwaɗarka, Ilu

Zuwa ga aminina Malam Ilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. To da kana raye ma karantawa za ka yi? Juya ta za ka yi sama da ƙasa ka ce rubutun ya yi ƙanana.

Gida lafiya. Iyalinka ƙalau suke, geron Mawashi ya yi kyau bana, dam ya cika har gindin giginya. Ni ne dai da ciwo, kuma ciwon nawa kai ne. Shekara talatin muna su tare, kullum ka dawo da tarwaɗa kamar cinyar ƙato, ni in dawo da 'yan karfasa cikin kwano. Ka tafi ba ka gaya mini inda raminsu yake ba. Ranar da na je duba ka a asibiti ka yafito ni, na kawo kunne na ɗauka wasiyya ce, sai ka ce in miƙo maka buta. Haka ake amintaka, Ilu?

Tun rasuwarka masu suyar kifi na kasuwar Kusada suka daina tashi in sun hango ni. Har an fara cewa ashe da can inuwarka nake sha.

Ɗana Bashir na Fatakwal ya ji labari, ya aiko mini da wani kwalekwalen roba, siriri kamar ɓawon gyaɗa, mai cin mutum ɗaya, da na'urar ganin kifi. Allo ne kamar na waya, sai wani abu mai kama da ƙwan agwagwa. Ƙwan nan shi ne idon. A ƙasan jirgin ake manna shi daga ciki, ya riƙa leƙen ruwa ta cikin robar.

Manna abu a jirgi kuwa, wa zai koya mini? Na dafa kwalta a gwangwani kamar yadda muke toshe jirgin katako, na sheƙa. Ilu, robar nan ta yi wani cuuu ta lotsa, sai ga ni ina kallon ƙasa ta cikin jirgina. Na rufa masa buhu, na ɗora a kan acaba sai Kankiya, wurin Mista Sande mai sa gilashin mota. Mutumin kudu ne, amma ya iya zolaya da Hausa. Ya yi dariya har ya zauna, ya ce Baba ai ba titi aka ce ka gyara ba. Ya liƙe hudar, ya ba ni wani farin gam, ya ce in zuba da kauri in danna idon a ciki.

Da na koma gida sai na ga kamar gam ɗin bai haɗu ba, na sa tsinke na dama shi sosai kamar fura har ya yi kumfa, na danna idon a ciki. Na shiga ruwa na kunna, allo ya ce dam babu kifi, babu ƙasa, ruwan ma babu. Ashe iska ce ke makantar da abin. Kumfa ɗaya ta gitta, shi ke nan.

Sande da kansa ya zo ran Lahadi bayan ya fito coci. Ya kankare aikina, ya goge wurin da sanfefa. Ya sa idon cikin ledar fiya wata yana ɗorawa nan da can har ya sami inda hoto ya fito tas, sannan ya matsa gam a hankali ya danna. Ya ce in na taɓa kafin kwana ɗaya zai kai ƙarata wurin Bashir.

Kwana uku ina yawo a ƙetare, bayan duwatsun nan da kake nufa kowace safiya. Ko ɗan ƙaramin kifi ban gani ba. Rana ta huɗu ina dawowa a gajiye, saura kaɗan in kai mashigi inda mata ke wanki, sai allo ya yi duhu. Wani tuli a ƙasa, ga manyan inuwoyi kwance a kansa. Na zura ƙugiya na jawo reshen bagaruwa ɗaure da igiya, da irin ƙullinka na bahago, da bakin fasasshen tulu. Gida ka gina musu, Ilu! A ƙarƙashin hancinmu! Ashe shi ya sa kullum da azahar kake cewa mu yi gaba masallaci, kai za ka ɗaure jirage ka biyo mu.

Bari in faɗi nawa laifin. Sau biyu na bi ka a ɓoye cikin ruwa, kwance a kan gora, har bayana ya riƙe. Kuma ni ne na fara cewa asiri kake yi wa kifi. Ka yafe mini. Wallahi ranar da na jawo reshen nan dariya na yi, ban san sa'ad da ta koma kuka ba.

Makon jiya tarwaɗa shida na kai kasuwa. Aka yanyame ni ana tambayar ina, na tura baki wajen duwatsu. Yanzu kowace safiya sai na kewaye dam gaba ɗaya, da tsufana, allo rufe da hula, samari na bina a baya. Kafaɗuna kamar za su cire. Ashe wahalar da ka sha ke nan shekara talatin, ba ka taɓa yin ƙorafi ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ka kwanta lafiya, ni ma ba mai ji a bakina.

Naka har mu haɗu,
Ɗanladi