Ƙwarƙwatar Murjani

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da Mama. Ya shagon kitso?

Na ga saƙonki cewa idon Mama yana ƙara dushewa, tana so ta gan ni tun tana iya gani. Hutuna ya zo, jakata a ɗaure take, sai ga tsutsa ta tsare ni. Ki yi dariya, na ba ki izini.

Kin san aikina: ƙaton tankin gilashi na ruwan gishiri a falon otal ɗin nan, ni ke kula da kifaye da murjanin da ke ciki. Ba murjanin wuya ba, mai rai ne, yana rassa kamar 'yar bishiya. To, wata tsutsa ce ta shiga, shimfiɗaɗɗiya, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, kuma launinta launin abin da take ci. Ba a ganinta, sai tabon cizonta fari-fari. Na ciro murjanin na tsoma a ruwan magani, suka yi ta zubowa. Na ce an gama. Ba a jima ba suka dawo, har da ƙari.

Manaja ya ce in abin bai warke ba za a kwashe komai a zuba sabo, kuma ba inda zan je sai sabon ya zauna, wato sai baɗi. Na ji haushinsa, amma ba zan yi masa sharri ba, ba wanda ya san tankin sai ni. Shekaru ina goge gilashi, baƙi suna ɗaukar hoto, ba mai tambayar sunana. Yau tsutsa ta sa an san ina nan.

Kada ki gaya wa Mama tukuna. Ki huta lafiya.

Yayanki

*

Yaya Mai Sanƙo,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya. Na gaya wa Mama, wa ke iya ɓoye mata abu? Cewa ta yi, "Tsutsa? Ɗan da na haifa tsutsa za ta hana shi zuwa?"

Yaya, ai wannan ƙwarƙwata ce ta ruwa! Ina karantawa na ajiye kan wata mata rabi a tsefe. Magani uwa yake kashewa, ba ya taɓa ƙwai. Kullum faɗan da nake yi da iyayen yara ke nan, a wanke kai sau ɗaya a ce an gama. Kai ba za ka sani ba, ƙwarƙwata ta daɗe da yanke ƙauna da kanka. Ƙwai ba ya zama a fili, sai bayan kunne da ƙeya. Murjaninka yana da ƙeya? Ka duba. Ka maimaita wankin duk mako kafin 'ya'yan su isa yin nasu ƙwan. Kuma ka raba mai ita da marar ita, ba a haɗa su matashi ɗaya.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Autarku

*

Auta,

Gaisuwa. Yana da ƙeya! Wallahi yana da ita!

Na kifa wani reshe, na haska gindinsa da tocila, wurin da ya manne da dutse, sai ga ƙwan a jere, ƙanana, ruwan ƙasa, kamar an yayyafa garin shayi. Ihun da na yi ya sa wani baƙo ya yar da makullinsa. Manaja ya taho da gudu, a zatonsa gilashi ne ya tsage. Na miƙa masa tabarau mai ƙara girman abu na ce, "Ranka ya daɗe, ga ɓarayin." Ya sunkuya yana kallo har hannun kwat ɗinsa ya jiƙe bai sani ba.

Ya ba ni ɗakin ajiya na kafa ƙaramin tanki, na kwashe masu ciwon can. Ina kankare ƙwan da reza, in bi da buroshin haƙori, in feso ruwa da sirinji tsakanin rassa. Duk mako wanka. Bayana ya ƙage, yatsuna sun yi fari, amma rabon da in ji daɗin aiki haka har na manta.

Ɗaya ne ya ci min rai, wani murjani shuɗi da na rena tun yana kamar ɗan yatsa. Ƙwai ya mamaye gindinsa, dole na karya kawunan masu lafiya na zubar da sauran. Yau na ga sun fara fitar da sabon baki fari. Ki gaya wa Mama ta riƙe min idon nan.

Yayanki

*

Yaya,

Muna gaisuwa. Mama ta sa an wanke labulen ɗakinka. Jiya ta kira ni da sunan maƙwabciya, sai da na yi magana ta gane ni. Ba tsoratar da kai nake yi ba. Ka yi sauri dai.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Manaja ya sa hannu a hutun, na karɓi tikiti. Da safen nan na yi wa murjanin wankan da na ɗauka shi ne na ƙarshe, sai ga tsutsa guda ɗaya a gindin robar wankan tana motsi. Ba kowa a ɗakin. Da a ce na tuntsurar da ruwan, da shi ke nan, ba wanda zai sani. Na daɗe a tsaye, Auta. Amma inda ɗaya take akwai ƙwai, kuma manajan nan bai cuce ni ba. Na ɗauki robar na nufi ofishinsa. Ba ya nan, na bar masa ita a kan tebur.

Wannan karon ki yi shiru da bakinki, don Allah.

Yayanki

*

Auta,

Manaja ya same ni a ɗakin ajiya, ya cire kwat, ya naɗe hannun riga, ya ce, "Nuna min ƙeyar." Ya karya min reshe biyu kafin ya iya. Shi zai riƙa yi wa murjanin wanka har in dawo.

Ina tafe. Ki ce wa Mama in ta ga wani abu yana ƙyalli a bakin ƙofa, kaina ne.

Yayanki