Takardun da Muka Buga wa Hatimi

Ajlun, 3 ga Satumba

Zuwa ga maigidana Abu Laith,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya zafin Dammam, ya ciwon bayan nan da tuƙi ya saka maka? Mu duk lafiya lau. Mama na gaishe ka, Laith ya koma makaranta, Shahad kuma ta zana maka babbar mota a bayan takardar nan.

Ka san tallafin gidauniyar Turawan nan ke riƙe da cibiyar kurame ta ƙungiyarmu, inda Shahad ke koyon maganar hannu, kuma Ustaz Nidal ke zuwa daga Amman duk shekara ya rubuta mana takardar neman tallafin. Bana an rage kuɗin, babu abin biyansa. Sai shugabarmu Hajiya Ummu Talal ta tuna ina da difloma a Turanci, shekara goma sha biyu tana kwance a akwati. Ta ce, "Kifah, don ado kika yi karatun ne? Tashi!" Yanzu duk Asabar ina Irbid ina koyon rubutun.

Malamar da ke koya mana a can ta ce kowa ya zo da tsofaffin takardun ƙungiyarsu. Mu ko ɗaya ba mu da ita! Shekara shida Ustaz Nidal zai zo, a yanka rago a yi masa mansaf, shinkafa da naman nan na karrama baƙo, ya sha gahawa, ya miƙo takarda, Hajiya ta buga hatimi. Wa zai tsaya karanta takardar baƙo a gabansa, maiƙon abincinka bai bar hannunsa ba? Ai ka kira shi maƙaryaci ke nan. Na nemi kwafi a wurinsa yana ta yi mini hanya-hanya, sai na rubuta wa gidauniyar da kaina.

Ka riƙa shafa maganin, na san halinka.

Matarka,
Kifah

Ajlun, 21 ga Satumba

Abu Laith,

Ina gaishe ka, ina fatan jikin da sauƙi. Ɗan'uwanka Hamdan na ba wa wannan ya kawo maka hannu da hannu, don maganar ba ta waya ba ce, na san abokan ɗakinka kunnuwansu ba sa hutu. Ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Takardun sun iso. A cikin kowace ɗaya akwai labarin wata yarinya kurma mai suna "Sh.", 'yar direban babbar mota, tana da wa ɗaya, uwarta ta yi karatu amma ba ta aiki. Wai ubanta yana jin kunyar mutane su gan ta, shi ne ya ɗaure ta da igiya a garken awaki, sai da cibiyar ta ceto ta. Duk garin nan direba nawa ke da 'ya kurma? Kai ne, Abu Laith. Kai da ka sayar da gonar zaitun ɗin mahaifinka ka sayo mata na'urar ji, kai da kake koyon maganar hannu ta waya da yatsun nan naka masu kauri har tana yi maka dariya. Ko akuya ɗaya ba mu taɓa kiwo ba! Shekara shida Turawa na karanta wannan suna jinjina kai, da hatiminmu a ƙasa. Ni ce ma na zuba wa Ustaz Nidal nama a shekarar farko, ina cewa ya ƙara.

Na buga masa waya. Ko a jikinsa. Ya ce, "Haba 'yar'uwa, ai ban sa suna ba. Su mutanen nan sai sun yi kuka suke buɗe jaka. Da na rubuta gaskiya wa zai ba ku ko kwabo?"

Ga inda abin ya fi ƙona ni. Wata ma'aikaciyar gidauniyar ta aiko tambaya: ya Sh. take yanzu, uban ya daina? Na karanta wa matan ƙungiya tambayar a taro. Hajiya ta kama hannuna ta ce, "'Yata, layi ɗaya ne. Ki ce ya shiryu albarkacin taimakonsu. Yara talatin da ɗaya ne, har da taki." Ba muguwa ba ce, tana faɗa tana hawaye. Amma ni za a sa in rubuta da hannuna cewa ka shiryu?

Ranar Alhamis za a rufe karɓar takardu. Na san wannan ba za ta same ka kafin nan ba.

Taka,
Kifah

Ajlun, 30 ga Oktoba

Maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya same ni. Ka ce da ka sani da wuri da ka ce in rubuta abin da suke so, sunanka ba ya ciyar da kowa. Wannan maganar ta fi ta Nidal ɓata mini rai, kada ka sake.

Na rubuta gaskiya. Yara talatin da ɗaya, malama ɗaya, rufin da ke yoyo, da iyayen da ke goyo ko tafiyar kilomita huɗu su kawo 'ya'yansu. Na ce labarin Sh. ƙarya ne, mun buga hatimi ba mu karanta ba. Matar ta amsa da ladabi ƙwarai, ta yaba mini. Sannan ta ce dokarsu ce duk inda aka samu bayanin ƙarya a dakatar da tallafi na shekara guda. Mu aka dakatar. Shi kuwa Ustaz an ce ranar Juma'a yana Jarash yana cin mansaf ɗin wata ƙungiya.

An rufe cibiyar ranar Lahadi. Malamar cibiyar, Malama Ruwaida, ta samu aiki a Zarƙa, ban ga laifinta ba. Wasu matan in na yi sallama a wurin tsinkar zaitun sai su amsa wa bishiya. Hajiya dai ta aiko mini da hatimin a cikin leda, ta ce daga yau ba a buga shi sai na karanta wa kowa a fili. Na fara rubuta wa wasu gidauniyoyi uku, malamar Irbid na duba mini. Ban san ko za a dace ba.

Ba na nadama, amma kada ka ɗauka da sauƙi nake. Kullum da safe Shahad sai ta saɓa jakarta ta tsaya a bakin ƙofa. Jiya ta ja rigata ta tambaye ni da hannu me ya sa ba a zuwa. Na yi mata alamar "Baba", ta yi murmushi tana jiran sauran. Na so in ce mutuncinsa, sai hannuna ya tsaya a sama. Malama Ruwaida ba ta kai ga koya mana alamar wannan kalmar ba kafin ta tafi.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Kifah Ummu Laith